Tsakanin Babur da Mota: Gurbin da Isetta Ta Bari

A shekarar 1955 kamfanin BMW na Jamus ya fito da wata mota da tsawonta bai kai mita biyu da rabi ba, nauyinta wajen kilo 350, ƙofarta ɗaya tak, ita ma a goshi take. In an buɗe ƙofar, sitiyari yakan biyo ta waje don direba ya sami hanyar shiga, rufinta kuma na tamfol ne, saboda in haɗari ya maƙale ƙofar mutum ya fita ta sama. Sunanta Isetta. Injinta na babur ne mai silinda ɗaya, cc 247, ƙarfin doki 12, in ta yi iya yinta ta kai kilomita 85 a awa. Yau duk wanda ya gan ta a gidan tarihi ko wurin gwanjon tsofaffin motoci, dariya yake fara yi kafin ya ɗauki hoto. Takwararta Peel P50, wadda aka ƙera a tsibirin Man na Birtaniya daga 1962, ko giyar ribas ba ta da ita, sai dai direba ya fito ya kama wani mariƙi a bayanta ya juya ta da hannu, amma a 2016 an sayar da guda ɗaya a Amurka kan dala 176,000, alhali fam 199 ne kuɗinta tana sabuwa. Wannan kallo na abin dariya da abin marmari ya rufe wa mutane ido daga aikin da motocin nan suka zo yi. Ra'ayina shi ne ƙananan motocin zamani sun fi su ta kowace fuska ta ƙira, amma sun gudu sun bar mutumin da aka yi Isetta dominsa, wato wanda ya gaji da babur kuma aljihunsa bai kai ga cikakkiyar mota ba. Dokokin gwamnatoci ne suka buɗe wa mutumin nan ƙofa a wancan zamani, kuma su ne kaɗai za su iya sake buɗe ta.

Babu wanda ya zauna ya ƙirƙiro motocin nan don nishaɗi. Jamus ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da rusassun birane da dubban tsofaffin sojoji da suka rasa ƙafafu. Wani injiniyan jiragen sama, Fritz Fend, ya fara da haɗa keken guragu mai taya uku a garin Rosenheim, sai ya lura cewa masu ƙafafunsu lafiya lau ma suna zuwa saye, don abin da suke nema shi ne rufi a kansu lokacin sanyi da ruwan sama. Kamfanin Messerschmitt kuwa an haramta masa ƙera jiragen yaƙi, masana'antarsa ta Regensburg na zaune babu aiki. Haɗuwar waɗannan biyu ta haifi motar Messerschmitt KR175 a 1953, sannan KR200 a 1955, mai injin cc 191, fasinja a bayan direba kamar a kan babur, murfin gilashi a sama kamar na jirgi. In ana son komawa baya sai a kashe injin a tayar da shi yana juyi ta ɗaya ɓangaren. Heinkel, shi ma tsohon maƙerin jiragen yaƙi, ya bi sahu a 1956. Ita Isetta asalinta Italiya ce, daga kamfanin Iso na Renzo Rivolta, wanda firiji da ƙananan babura yake yi kafin 1953. BMW ya sayi izinin ƙera ta ne don manyan motocinsa masu tsada ba sa tafiya, kasuwar babur kuma ta fara mutuwa, ya kuwa sayar da fiye da 160,000 zuwa 1962.

Abin da masu sha'awar tsofaffin motoci ba su cika kawowa ba shi ne hannun hukuma a cikin siffar motocin. Injin Isetta bai tsaya ƙasa da cc 250 don ra'ayin injiniya ba. A Jamus ta Yamma mai tsohon lasisin ƙananan babura yana da izinin tuƙa duk abin da injinsa bai haura wannan adadi ba, saboda haka ma'aikacin da bai taɓa zuwa makarantar koyon mota ba yana iya sayen Isetta kan mark 2,580 ya kama hanya, a lokacin da Volkswagen mafi araha take kusan mark 4,000. A Birtaniya abin hawa mai taya uku da bai wuce kilo 400 da 'yan kai ba harajin babur yake biya, shi ya sa masana'antar da ta haɗa Isetta a Brighton ta cire mata taya ɗaya ta baya, shi ya sa kuma kamfanonin Bond da Reliant suka yi shekaru suna cin kasuwa da motoci masu taya uku. Rikicin mashigin Suwes na 1956, wanda ya sa aka koma rabon fetur da kati a Birtaniya, ya ƙara musu masu saye. Duk inda aka duba, doka ce ta shata layi tsakanin babur da mota, maƙera suka cika filin da ke tsakani.

In aka jera Isetta da ƙaramar motar yau, irin su Kia Picanto ko Hyundai i10 ko Toyota Yaris, gardamar ba ta da tsawo, kuma ba ni da niyyar ja. Motar yau tana ɗaukar mutum huɗu ko biyar, tana da bel da jakar iska da birkin da ba ya kulle taya, tana da na'urar sanyaya ciki, tana tafiyar ɗaruruwan kilomita a babban titi ba tare da ta galabaita ba. A cikin Isetta kuwa gwiwar direba ce take bayan ƙofar da za ta fara karo da duk abin da ke gaba. Bel mai maɗauri uku sai a 1959 Volvo ya fara sa shi, gaban mota mai lanƙwashewa don shanye ƙarfin karo shi ma a shekarar ce Mercedes ya fito da shi a motar kasuwa. A 1970 mutum fiye da 19,000 suka mutu a titunan Jamus ta Yamma kaɗai, yanzu kuwa a Jamus baki ɗaya adadin bai kai 3,000 a shekara ba, duk da yawan motoci ya ninka. Ko a shan mai, inda ake zaton tsofaffin za su yi fintinkau, ratar ba ta taka kara ta karya ba. Isetta tana shan lita uku zuwa uku da rabi a kilomita 100, Yaris mai haɗa fetur da batir tana shan wajen lita huɗu, alhali ta ninka ta sau uku a nauyi, ta kusa ninka ta sau goma a ƙarfi. Injin Messerschmitt da na takwararta Goggomobil kuwa irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, hayaƙinsu babu birnin Turai da zai yarda da shi yau.

Sai dai wannan lissafi na shan mai yana da fuska ta biyu. Shekara saba'in na gwanintar injiniyoyi, wadda da an zuba ta a mota mai kilo 500 da ta rage shan mai ƙwarai, an kashe mafi yawanta ne wajen jan ƙarin ƙarfe. Fiat 500 ta 1957, ƙirar Dante Giacosa, tsawonta bai cika mita uku ba, nauyinta wajen kilo 500. Wadda ta gaji sunanta a 2007 ta kai mita uku da rabi, nauyinta ya doshi tan ɗaya. Mai lantarki ta 2020 ta kai wajen kilo 1,300. Wani ɓangare na wannan nauyi kariya ce ta gaskiya, babu mai musu. Wani ɓangaren kuwa faɗi ne da manyan tayoyi da injin da zai iya gudun da doka ta hana, duk don a kai mutum ɗaya ofis a cikin cunkoson da keke yake wuce shi.

Kuskuren da ake yi wajen kwatancen shi ne mantawa da wanda ya sayi Isetta. Mutumin nan bai bar Mercedes ya koma cikinta ba. Daga kan babur ya sauko, shi da matarsa da ɗansu a tsakiya, cikin dusar ƙanƙara. A wurinsa ƙofa da rufi da taya fiye da biyu ƙarin tsaro ne da ƙarin mutunci, da babu gara ba daɗi. In ana son a yi wa motocin nan adalci, da babur za a auna su, kuma a wannan ma'auni sun ci. Tambayar da ta dace a yi wa ƙaramar motar zamani ita ce ko mai babur na yau yana iya kai hannu gare ta, amsar kuwa a Turai tana ƙara zama a'a. Peugeot 108 da Citroën C1 sun fita kasuwa, an daina ƙera Ford Fiesta a 2023 bayan shekara arba'in da bakwai, Volkswagen up! ta bi ta a shekarar. Dalilin da kamfanonin suke bayarwa iri ɗaya ne: kayan tace hayaƙi da na'urorin tsaro da doka ta wajabta kuɗinsu kusan ɗaya ne ko a ƙaramar mota ko a jif, ribar jif tana iya haɗiye kuɗin, ta ƙaramar ba ta iyawa. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce kashi 48 cikin ɗari na motocin da aka sayar a duniya a 2023 manyan motoci ne irin na jif.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, wato mutane da kansu ne suka yi watsi da ƙananan motocin da zarar sun sami hali. Haka ne, an yi. Leonard Lord, shugaban kamfanin BMC na Ingila, ya tsani ganin motocin Jamus masu kama da ƙwai a titunan ƙasarsa, ya sa injiniyansa Alec Issigonis ya zana masa abin da zai kore su. Sakamakon shi ne Mini ta 1959, mita uku da 'yan santimita, kujera huɗu, injin cc 848 da aka gicciye a gaba don a sami fili, kuɗinta bai kai fam 500 ba. Ita da Fiat 500 da ƙaruwar albashi suka gama da Isetta da Messerschmitt cikin 'yan shekaru. Akwai kuma darasin Indiya. Ratan Tata, shugaban kamfanin Tata, ya ga iyalai huɗu-huɗu a kan babur, ya sa aka ƙera ƙaramar motar Nano, aka nuna ta a Delhi a 2008 da alkawarin farashin rupee 100,000, aka gina masana'antar da za ta fitar da 250,000 a shekara. Ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba, aka daina ta a 2018. Shi kansa Tata ya amsa daga baya cewa tallata ta da sunan mota mafi araha a duniya ya cuce ta, don babu mai son maƙwabta su san iyakar aljihunsa daga ganin abin da ya ajiye a ƙofar gida.

Amma in da gaske ne arziki yana kashe ƙaramar mota, da Japan ce za ta fara binne ta. Abin da ya faru a can akasin haka ne. Tun 1949 gwamnatin Japan ta ware wani aji na musamman da ake kira kei, ta ƙayyade masa tsawo da faɗi da girman inji. Subaru 360 ta 1958, sa'ar Isetta, a wannan aji aka haife ta. Bambancin shi ne Japan ba ta bar ajin ya mutu ba, ta riƙa gyara shi yana tafiya da zamani. A 1990 aka ɗaga injin zuwa cc 660, a 1998 aka ƙara tsawon zuwa mita 3.4 da faɗin zuwa mita 1.48, musamman don motocin su iya cika sharuɗɗan gwajin karo irin na sauran motoci. Mai kei yana biyan harajin shekara yen 10,800, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mai injin lita ɗaya da rabi yake biya, inshorarsa da kuɗin babban titi ma sun fi sauƙi, a ƙauyuka da dama kuma ba a neman ya kawo shaidar yana da wurin ajiye mota kafin a yi masa rajista. Yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake sayarwa a Japan kei ne, kuma Honda N-Box ta yi shekaru tana kan gaba a duk ƙasar. A inda manomi da malamin makaranta da matar likita duk suke tuƙa mota mai lamba rawaya, babu wanda zai ji kunyarta. Nano ta shiga kasuwa ita kaɗai, babu wani aji na doka da ya ba mai ita rangwamen da zai sa a ce wayo ya yi.

Hujja ta biyu ta masu ja da wannan ra'ayi ta fi ta farko nauyi, ita ce ta rai. In mota mai kilo 500 ta yi taho-mu-gama da mai kilo 2,000, girgizar da ƙaramar za ta sha ta ninka ta babbar sau huɗu, kuma babu dabarar injiniya da za ta soke wannan. Amirkawa sun gani tun 1969, lokacin da mujallar Consumer Reports ta yanke wa Subaru 360 hukuncin cewa ba ta cancanci a saya ba, bayan an shigo da ita ta wata kafa da ta yafe wa motocin da ba su kai nauyin fam 1,000 ba bin dokokin tsaro. Nano ma ba ta sami tauraro ko ɗaya ba a gwajin karo na ƙungiyar Global NCAP na 2014. Turai kuwa har yanzu tana da irin wannan kafa. Akwai wani aji na masu taya huɗu marasa nauyi da doka ba ta ɗauke su a matsayin mota ba, don haka ba a tilasta musu jakar iska ko gwajin karo irin na mota. Da Euro NCAP, ƙungiyar gwajin karo ta Turai, ta gwada wasu daga cikinsu a 2014 da 2016, a gudun kilomita 50 kacal, sakamakon ya munana. Duk wanda yake kiran a dawo da ƙaramar mota ya kuma kau da kai daga wannan, ba gaskiya yake nema ba.

Abin da hujjar take nunawa shi ne yafe wa ƙaramar mota dokar tsaro kuskure ne. Ba ta nuna ƙanƙanta ita kanta hukuncin kisa ce ba. Smart ta 1998, mita biyu da rabi, kusan tsawon Isetta, an gina ta a kan ƙaƙƙarfan kejin ƙarfe da jakunkunan iska. Toyota iQ, wadda ba ta kai mita uku ba, ta sami taurari biyar a gwajin Euro NCAP a 2009. Sannan lissafin nauyin nan yana da wanda ake mantawa da shi, wato mutumin da ke wajen motar. Duk kilon da mai jif ya ƙara don kare kansa, an ɗora haɗarinsa ne a kan wanda zai kara da shi. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano a 2023 cewa motocin da tsayin goshinsu ya haura wajen mita ɗaya sun fi masu gajeren goshi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. In kowa ya ce zai tsira ta hanyar fin maƙwabcinsa nauyi, tseren ba shi da ƙarshe, kuma yaro mai tsallaka titi ne yake biyan kuɗinsa. Mazauna Faris sun gane haka, suka kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 aka ninka wa manyan motocin baƙi kuɗin fakin sau uku.

Motocin da ake kira jikokin Isetta a yau ba duka ne suka gaji aikinta ba. Microlino, wadda wani kamfanin Suwizalan yake ƙerawa a Turin tun 2022, ta kwaikwayi ƙofar goshin da zagayayyen jikin, amma kuɗinta ya kai na cikakkiyar ƙaramar mota, don haka abin wasan masu hali ce, kamanni kawai ta ɗauko. Citroën Ami, da ake haɗawa a Kenitra ta Maroko tun 2020, ta fi kusa da ruhin abin: mita 2.41, gudun kilomita 45, cajin da ke kai kilomita 75, farashin farko wajen yuro 6,000, kuma a Faransa ɗan shekara 14 yana iya tuƙa ta. Aibinta shi ne ta waccan kafar ta shigo, ba ta da jakar iska. Wadda ta fi kowa cika gurbin a ganina ita ce Wuling Hongguang Mini ta ƙasar Sin, mai kujera huɗu, da ta fito a 2020 kan yuwan 28,800, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya cikin shekara uku, kodayake ita ma ta farkon ba ta da jakar iska sai daga baya aka ƙara. Luca de Meo, lokacin yana shugabancin Renault, ya fito fili a 2024 ya nemi Turai ta kwaikwayi tsarin kei.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan iyali, ko da bai taɓa ganin Isetta ba. Adaidaita sahu daga zuriyar yake. Kamfanin Piaggio na Italiya, wanda shi ma jirage yake yi kafin yaƙi ya ƙare, ya fito da Vespa a 1946, ya ƙara mata taya da akwati a 1948 ya kira ta Ape, Bajaj na Indiya ya ƙera irinta da izininsa, daga can ta iso mana da injin wajen cc 200, kusan daidai da na Messerschmitt. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, ita ce ta cike gurbin, kamar yadda kakanninta suka yi a Turai. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, ma'aikata da yawa sun jingine tsofaffin manyan motocin da suka saya na hannu sun koma babur. Mai buƙatar yana nan da yawansa, abin da aka ba shi kuwa ba shi da ƙofa, ba shi da bel, yana kuma raba titi da tirela.

Gwamnatin da take son ta yi wa wannan mutum adalci, a Turai take ko a Afirka, ga abin da Japan ta gwada shekara fiye da saba'in yana aiki: a ware aji na ƙananan motoci da iyakar tsawo da nauyi da gudu, a wajabta musu bel da jakar iska da gwajin karo daidai da gudun da aka yarje musu, a sauƙaƙa musu haraji da kuɗin fito da inshora, a ɗora bambancin a kan masu nauyin tan biyu. Masu tsara dokar shigo da motoci da ta haraji su fara daga nan.